Ko Kun Sani?

Hoto ɗaya tak da za ku ɗauka da waya a bakin rijiyar Kusugu ya ninka wasan Star Raiders nauyi sau ɗaruruwa! Wasan gaba ɗaya kilobait 8 ne kacal. Injiniya Doug Neubauer ne ya rubuta shi a 1979 domin kwamfutocin gida na Atari 400 da 800 a Amurka. Mai wasa yana tuƙa jirgi, yana duba taswirar taurari, yana kare tashoshin sararin samaniya daga harin mayaƙan Zylon. In makamashinsa ya yi ƙasa, sai ya koma tasha ya cika. A wancan zamani ma'adanar kwamfuta na da ɗan karen tsada, dole mai rubuta wasa ya yi tsimin kowane bait.