FASHIN BAƘI: Yadda kwamfuta ke haskaka ginin da ba a gina ba, da abin da ya kamata matasan Dutse su lura da shi

Duk mai bin shafukan sada zumunta a Dutse ya saba da irin wannan hoto: ginin da ko harsashinsa ba a haƙa ba, amma ga shi tsaye cif, gilasansa na ƙyalli, ciyawa kore shar a ƙofarsa, sararin sama garau babu ƙura. A ƙasa a rubuta cewa haka kasuwa ko asibiti ko rukunin gidaje zai kasance. Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, irin waɗannan hotuna sai dai su ƙaru. Sanin yadda ake haɗa su zai taimaki matashin da ke son koyon sana'ar, ya kuma taimaki ɗan ƙasa da ke son bambance alƙawari da aiki.

Mene ne injin renda?

Mai zane yakan fara gina siffar ginin a cikin manhaja irin su Blender, SketchUp ko Revit, ya ba ta tsawo da faɗi da zurfi. Wannan shi ake kira zanen 3D. A wannan mataki ƙwarangwal ne kawai, babu haske babu inuwa. Sashen manhajar da ke mayar da ƙwarangwal ɗin hoto shi ne injin renda. Aikinsa lissafa launin kowane ɗigo na hoton, kuma hoto mai faɗin ɗigo 1,920 da tsayin 1,080 yana ɗauke da ɗigo sama da miliyan 2. Bambancin injinan yana cikin yadda kowannensu ke yin wannan lissafi.

Hanyoyi biyu na lissafin haske

Hanya ta farko ita ce ta shimfiɗawa. Injin yakan yayyanka siffar zuwa ƙananan alwatika, ya shimfiɗa su a kan allo, ya ga wanne ya tare wanne, sannan ya shafa musu launi gwargwadon yadda suka fuskanci fitila ko rana. Hanya ce mai matuƙar sauri, da ita wasannin kwamfuta suka daɗe suna aiki. Rauninta shi ne ba ta san tafiyar haske bayan ya sauka a wuri na farko ba, sai an yi mata dabaru.

Hanya ta biyu ita ce bin sawun haske. A duba zauren gidan ƙasa da hantsi. Rana ta shigo ta ƙofa ta bugi daɓe, hasken ya tashi daga daɓen ya bugi jan bango, daga bangon ya sauka a kan farar rigar mai gida har ta ɗan yi jaja-jaja. Ba a kunna fitila ba, amma lungun zauren bai yi duhu ɗulum ba. Wannan kai-kawo na haske shi injin ke kwaikwaya: yakan harba zaren haske daga kyamara, ya bi shi bango zuwa bango har ya isa tushen hasken. Turner Whitted ya bayyana wani salo na wannan hanya a 1980, James Kajiya kuma ya kafa lissafinta a 1986.

Blender, wadda kyauta ce tun 2002, tana ɗauke da duka biyun. Cycles, da ya shigo a ƙarshen 2011, mai bin sawun haske ne. EEVEE, da ya zo a 2019, mai shimfiɗawa ne. A 2024 an sabunta EEVEE ya fara bin sawun haske, sai dai galibi a cikin abin da ke bayyane a allo, don haka madubi kan kasa nuna abin da ke bayan kyamara daidai. A wajen Blender, V-Ray yana layin Cycles, Lumion da Twinmotion kuma sun yi suna wajen sauri. Unreal Engine 5, da ya fito a 2022, ya zo da tsarin Lumen da ke ƙoƙarin haɗa saurin da kai-kawon haske.

Me ya sa bin sawun haske ke cin lokaci?

Zare ɗaya ba ya isa ya faɗi launin ɗigo. Injin yakan harba ɗaruruwa ko dubbai a kowane ɗigo, ya ɗauki matsakaicinsu. Idan zaren ya yi kaɗan, hoton yakan fito kamar an watsa masa rairayi. Lissafin kuma ba shi da sassauci: domin a rage rairayin da rabi, sai an ninka zaren sau 4. Cikin ɗaki ya fi waje wahala, domin ƙaramar taga ce kaɗai hanyar rana, zare da yawa kan ɓace kafin su same ta. Abubuwa biyu sun rage wahalar: katin hoto na RTX da kamfanin Nvidia ya fitar a 2018, da manhajojin share rairayi. Su ma masu sharewar sukan shafe ƙananan abubuwa kamar zanen bango idan aka matsa musu.

Ga misalin lissafi. Bidiyo na minti ɗaya yana buƙatar hoto 24 a kowace daƙiƙa, wato hotuna 1,440. Idan kowanne ya ci minti 5, aikin zai ɗauki sa'a 120, kwana 5 cur. Idan ya ci daƙiƙa 10, sa'a 4 ya isa. Kwamfutar da ke jan wat 500 za ta sha yunit 60 na wuta a aikin farko, yunit 2 a na biyu. Ga matashin da ke aiki a Dutse ko Kiyawa ko Birnin Kudu, wanda ke haɗa wutar KEDCO da sola ko janareta, bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan tazara ita ce tsakanin riba da asara.

Sauri kuma ba ya nufin aiki maras daraja. Fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar a watan Maris na 2025, da Blender aka yi shi, da EEVEE aka fitar da hotunansa. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya yana koyar da zanen katun da ƙirar wasannin kwamfuta, kuma wanda ya shiga ba sai ya jira kwamfutar miliyoyi kafin ya fara ba. Abin kiyayewa kawai, kwatanta saurin injina ba ya da ma'ana sai a kan zane ɗaya, kwamfuta ɗaya, da tsaftar hoto iri ɗaya.

Ranar wane gari ce a hoton?

Ko injin da ya fi kowanne ƙwarewa, hasken da aka ba shi zai lissafa. Dutse tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta, rana kan tsaya tsakar ka, inuwa ta koma ƙarƙashin ƙafa. Da hunturu kuwa hazo kan tarwatsa hasken, inuwa ta dusashe, ƙura ta hau gilashi. Mai zane da ya ɗauko sararin saman Turai daga intanet zai samu doguwar inuwa mai laushi da ginin ba zai taɓa gani da azahar a Jigawa ba. Alhali manhajojin suna karɓar wuri da wata da sa'a, Blender ma tana da ma'aunin ƙura a cikin iska.

Wannan ya wuce batun ado. Ajin makaranta ko ɗakin marasa lafiya mai faffadan gilashi a yamma zai yi kyau a hoto, amma a watan Afrilu zai zama tanderu, a koma neman na'urar sanyaya ɗaki da kuɗin dizal daga baitulmali. Akwai manhajoji irin su Radiance, da aka soma ƙirƙira a Amurka tun shekarun 1980, waɗanda ke auna yawan hasken da zai shiga ɗaki da alƙaluma.

Tambayoyin da suka dace

Idan aka wallafa hoton wani aikin gwamnati, a fara duba inuwa: duk ta fuskanci gefe ɗaya, kuma tsawonta ya yi kama da na garinmu? Ina aka sa tagogi, akwai baranda ko rumfa da ke kare su? Ciyawar nan da wane ruwa za a raya ta? Daga nan a wuce hoton, a nemi ainihin taswirar gini, da jadawalin kayan aiki, da kuɗin kwangila, da ranar kammalawa. Jigawa tana da hukumar Due Process mai tantance kwangiloli da sa ido kan ayyuka, kuma a irin waɗannan takardu ake kama ɗan kwangila da hujja. Idan an gama aikin, a je wurin da azahar, a ɗauki hoto daga kusurwar da mai zane ya zaɓa, a jera biyun.