Tafiyar mil 500 da kare mai tusa

Idan ɗalibi ya rubuta labarin tafiya, ko da ta ziyarar masana'anta ce, kusan kullum shi ne jarumi. Bai gaji ba, bai ɓace ba, kuɗin aljihunsa ba su ƙare ba. Shi ya sa ba ma kai ƙarshen shafin. Wasu marubutan Ingila sun samo wa wannan cuta magani: sai su tafi da kare.

A nan gida aikin kare gadi ne ko farauta, to amma a can abokin yawo ne. A 1986 wani marubuci mai suna Mark Wallington ya fitar da littafin 500 Mile Walkies, labarin yadda ya bi gaɓar tekun kudu maso yammacin Ingila da ƙafa. Dalilinsa kuwa? Ya burge wata yarinya da ya haɗu da ita wajen liyafa. Samari, kun dai ji. Hanyar ta tashi daga garin Minehead, ta zagaya Devon da Cornwall, ta ƙare a Poole. Yau tsawonta mil 630 ne, sama da kilomita 1,000, kuma hawa ce da gangara, ta yadda in aka tara hawan duka ya kusa tsayin dutsen Everest sau huɗu.

Abokin tafiyarsa Boogie ne, karen birnin Landan, ba asali ba kyau, ga yawan tusa. Nan dabarar take. Mai doguwar tafiya shi kaɗai ba ya da wanda zai ƙaryata shi, sai ya fara jin kansa, yana kwarzanta faɗuwar rana kamar dominsa ta faɗi. Kare kuwa babu ruwansa da faɗuwar rana, ragowar abincin wani yake hange. Duk lokacin da marubuci ya kumbura, ga wanda zai sace masa iska ba tare da ya ce uffan ba. Kuma da yake kare ba ya magana, marubucin ne ke sa masa kalmomi a baki, wato kansa yake yi wa ba'a ta bayan gida. Mai karatu kuwa ya fi yarda da wanda ya fara yi wa kansa dariya.

Akwai kuma wata riba: baƙon da ya shigo gari da ƙatuwar jaka ana yi masa kallon tuhuma, amma mai kare ana tare shi da hira, kuma hirar nan ce ke cika littafi.

Dabarar ma ba sabuwa ba ce. A 1878 Robert Louis Stevenson ya yi kwana 12 yana ratsa tsaunukan Cévennes na Faransa, sai dai shi da jaka ya tafi, mai suna Modestine, wadda ba ta ɗaga ƙafa sai ta ga dama. Da tafiyar ta ƙare ya sayar da ita, daga baya kuma ya kama kuka.