Tsohuwar jif ɗin Lexus: Gyaran da mai ita zai iya yi da hannunsa kafin ta kwanta

Akasarin jif-jif ɗin Lexus da ke zirga-zirga a titunan Kano da Kaduna da Abuja sun riga sun yi rayuwa guda a Amurka kafin jirgin ruwa ya sauke su a Legas ko Kwatano. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnatin da ya yi tattalin kuɗinsa ya sayi RX 330 ko RX 350 yakan duba fenti da kujerun fata, ya leƙa mita ya ga 150,000, ya ce ai ba ta yi wata tafiya ba. Abin da ake mantawa shi ne motar Amurka da mil take lissafi, kuma mil ɗaya kimanin kilomita 1.6 ne. Ke nan wannan 150,000 ɗin ya kai kilomita 241,000, idan ma ba a taɓa mitar an rage ta ba.

Wannan ba abin tsoro ba ne. Injinan waɗannan motoci an san su da juriya, kuma ƙarfen cikinsu kan iya ninka wannan tafiya. Abin da ke kayar da su a ƙasar nan shi ne tsufan abubuwa masu araha: mai, ruwa da roba, sai kuma zafin bazara da ƙurar hunturu da ke gaggauta tsufan. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuma darajar Naira ta faɗi, farashin kayan gyara ya kai inda mutum ba zai so ya sayi inji ko giya ba saboda sakacin da kuɗi kaɗan zai iya magancewa. Mafi yawan wannan rigakafi kuwa mai mota zai iya yin sa a ƙofar gidansa ranar Asabar.

Matakin farko shawara ce da mutum zai yanke a ransa: ya ɗauka cewa mai motar na baya bai canja komai ba. Dillali zai rantse an yi mata sabis kafin a loda ta, amma idan babu takarda, maganarsa ba ta da amfani ga inji. A sayi ƙaramin littafi, a rubuta kwanan wata da adadin da mita ta nuna, a fara lissafi daga nan.

Ruwan lagireto ya fi komai

Idan mutum abu ɗaya kawai zai iya kula da shi, to ya kula da sanyaya inji. Kan injin waɗannan motoci na alminiyum ne, kuma zafi mai tsanani sau ɗaya tak ya isa ya lanƙwasa shi ya ƙona gasket. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Kano, motar da ke tsaye cikin cunkoso da na'urar sanyi a kunne ba ta da sauran rarar da za ta jure wani aibu.

Ruwan da kamfanin Toyota ya tanada wa waɗannan motoci mai launin ruwan hoda ne, yana zuwa a haɗe, ba a ƙara masa ruwa. Ƙa'idarsa ita ce a fara canja shi a mil 100,000, daga nan kuma duk bayan mil 50,000, wato kimanin kilomita 80,000. Mutane da yawa na cewa ai maganin daskarewa ne na ƙasashen ƙanƙara, mu ba ruwanmu da shi, sai su zuba ruwan rijiya ko na leda. Kuskure ne mai tsada. Sinadarin da ke cikinsa yana hana tsatsa da cin ƙarfe, yana kuma ɗaga matakin zafin da ruwa ke tafasa. Ruwan rijiya kuwa yana barin ɓawo a cikin siraran hanyoyin lagireto, kamar yadda yake bari a gindin buta, har su toshe a hankali ba tare da mutum ya sani ba.

Da sassafe, kafin a tayar da mota, a buɗe bonet a duba robar ruwan da ke gefe, a ga ko yana tsakanin layuka biyun da aka yi mata. Kada a kuskura a buɗe marfin lagireto inji na da zafi, domin ruwan da zai feso yana saɓule fata. A dubi saman lagireton, wanda na roba mai tauri ne: idan baƙinsa ya fara komawa ruwan ƙasa, ya tsufa, kuma tsagewa ce ta rage masa. A matsa manyan bututun roba da hannu. Wanda ya yi laushi sosai ko ya kumbura kusa da bakinsa ya gama aiki. Busasshen ɓawo mai launin hoda a gefen inji alama ce ta famfon ruwa ya fara yoyo.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu a garejin ƙasar nan wadda ya kamata mai mota ya ƙi amincewa da ita, wato cire tamostat da haɗa fanka kai-tsaye don ta riƙa juyawa kullum. Tamostat ƙaramar ƙofa ce da ke buɗewa idan ruwa ya kai wajen digiri 82, aikinta ta tsayar da inji a kan zafin da aka ƙera shi ya yi aiki da shi. Idan aka cire ta, inji yakan daɗe bai ɗauki ɗumi ba, kwamfutar motar ta ci gaba da tura masa fetur fiye da kima, shan mai ya ƙaru, kuma ainihin ciwon da ya jawo zafin, toshewar lagireto ko mutuwar fanka, yana nan an rufe shi kawai. Sabuwar tamostat ta asali ba ta kai kuɗin cika tanki ba.

Baƙin mai da ƙura

Juyen baƙin mai shi ne aikin da ya fi sauƙin koyo. Littafin motar ya sa mil 5,000 ko wata shida ga RX 330 da RX 350 na farko. A samfurin 2010 zuwa sama an tsawaita zuwa mil 10,000 da mai na musamman, amma littafin da kansa ya ce a koma 5,000 idan ana bin hanya mai ƙura ko ana yawan barin inji a kunne mota na tsaye. Wannan kuwa shi ne halin da kusan kowace mota ke ciki a Arewa. Don haka kilomita 8,000 ce iyaka, kuma wanda ya yi juye kafin haka a lokacin hunturu bai yi asara ba.

Kaurin man da ya dace a rubuce yake a kan marfin da ake zubawa: 5W-30 ga tsofaffin, 0W-20 ga na baya-bayan nan. Makanikai da dama kan ba da shawarar mai kauri irin 20W-50, wai saboda zafin ƙasarmu. Waɗannan injina suna da siraran hanyoyin mai da ke sarrafa lokacin buɗewar bawul, kuma mai mai kauri yana jinkirin isa gare su da safe, lokacin da inji ya fi cin kansa. Injin RX 350 yana ɗaukar lita shida da 'yan kai idan an canja filta. A sayi mai daga dillalin da aka amince da shi, a duba hatimin galan, domin jabun mai ya fi tsohon mai illa. Wanda aka juye kuma kada a zubar da shi a kwata.

Kafin a shiga ƙarƙashin mota, a san cewa jak na ɗagawa ne kawai. Nauyin jif ɗin nan ya kusa tan biyu, saboda haka sai an tokare ta da ƙafafun ƙarfe da aka yi don haka, a kan daɓen siminti, an ja birkin ajiya, an sa waigi a taya. Tubalin bulo kan fashe ba tare da gargaɗi ba.

Masu RX 350 na 2007 zuwa 2009 suna da wani abin dubawa na musamman. Akwai wani bututun mai a gefen inji wanda wani sashensa na roba ne, kuma an sha samun ya fashe ya zubar da mai gaba ɗaya cikin 'yan mintuna. Kamfanin ya gudanar da shirin canja shi a Amurka, kuma akwai samfurinsa na ƙarfe zalla. Ba kowace mota aka kai aka yi wa ba. A sa makanike ya haska fitila ya nuna wa mai mota shi. Idan tsohuwar robar ce, a canja ta tun kafin a kama hanyar Abuja zuwa Kano.

Filtar iska kuwa minti biyar ya isa a ciro ta a duba. A ɗaga ta ga rana: idan haske ba ya ratsa ta, a sayi sabuwa. Hura ta da iskar mai faci yana iya yaga takardarta, ƙura ta samu hanyar shiga inji, kuma ƙura a cikin silinda tamkar yashi ce a cikin ido. Akwai wata filtar a bayan aljihun gaban fasinja, ta na'urar sanyi, wadda mutane da yawa ba su ma san da ita ba sai sanyi ya ragu sun tafi ƙarin gas.

Man giya da sauran da ake mantawa da su

Giyar waɗannan motoci ba ta karɓar kowane jan mai. RX 330 tana amfani da nau'in T-IV, RX 350 kuma nau'in WS, kuma ba a cakuɗa su. Inda akwai geji, a zaro shi a goga a farin ƙyalle. Ja ko ruwan ƙasa mai haske lafiya ne. Baƙi mai ƙaurin ƙuna yana nufin an makara. Ga motar da ta yi doguwar tafiya, hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce a kwance ƙusar ƙasa a bar abin da zai fita ya fita, wanda ba ya kaiwa rabin man, a auna shi, a mayar da sabo daidai wannan adadi, sannan a maimaita bayan 'yan makonni. Samfurin 2010 zuwa sama ba shi da geji, ana daidaita mansa ne a wani takamaiman zafi, don haka aikin gwani ne mai na'ura.

Idan motar mai jan ƙafa huɗu ce, tana da wasu akwatuna biyu na ƙarfe a ƙasa, ɗaya a jikin giya, ɗaya a tsakanin tayoyin baya, kowanne yana ɗaukar man da bai kai lita ɗaya ba. Sau da yawa man da aka zuba a masana'anta ne a cikinsu har yau. Dabarar canja shi ita ce a fara kwance ƙusar zubawa ta sama kafin ta juyewa, kada a wayi gari an zubar da mai ta saman kuma ta ƙi kwantuwa. Man birki yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa ake so a sabunta shi duk shekara biyu zuwa uku, ko da bai ragu ba.

Taya tana ɗauke da shekarunta a jikinta. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara shida abar tuhuma ce a kan kwalta mai zafi, komai kyan zanenta. Iskar da ta dace kuma tana rubuce a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Lambar da ke gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, kuma ita masu faci suka fi bi. Ƙaramin ma'aunin iska a aljihun mota ya raba gardama. Batir mai lafiya yana nuna wajen bolt 12.6 idan mota na kashe, 13.5 zuwa 14.5 idan tana kunne. Zafi ne ke rage masa kwana, kuma farin garin da ke taruwa a kansa ana wanke shi da ruwan ɗumi da bakar soda.

Kayan aikin da ya fi biyan kuɗinsa shi ne ƙaramar na'urar karanta kwamfutar mota. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da mahaɗa mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, ana soka na'urar a haɗa ta da waya. Idan fitilar inji ta kama, mutum zai isa gareji ya riga ya san cewa P0171 na nufin iska ta yi wa fetur yawa, P0300 kuma wuta ce ke tsallake a silinda. Idan fitilar tana ƙyaftawa ne, a tsaya, domin ɗanyen fetur yana gangarawa salansa yana ƙona matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, kuma kuɗinta ba kaɗan ba ne.

Inda hannun mai mota ya tsaya

Wasu ayyukan sanin lokacinsu ne kawai nasa, yin su na gwani ne. Fulogin waɗannan injina yana kaiwa mil 120,000. Guda uku na gaba suna fili, amma ukun baya suna ƙarƙashin bututun shigar iska, sai an sauke shi, shi ya sa malalacin makanike kan canja uku ya karɓi kuɗin shida. A nemi a ga tsofaffin guda shida a hannu.

Babban bambanci tsakanin motocin biyu yana wurin abin da ke daidaita juyin inji. RX 350 sarƙa take amfani da ita, wadda ba ta da ranar canji muddin ana yin juye a kan kari. RX 330, haka ma babbar yayarta GX 470, bel ne na roba, kuma wa'adinsa mil 90,000 ne, kimanin kilomita 145,000. Yana ɓoye a bayan murfi, ba ya ƙara kafin ya tsinke, kuma idan ya tsinke ana cikin gudu mota za ta mutu nan take, ɓarnar ma tana iya kaiwa ga bawul. Garejin Amurka kan manna 'yar takarda a jikin inji mai nuna mil da ranar da aka canja shi. Idan babu ita, ko kuma lissafi ya nuna an sake cika wa'adi, a sayi bel da famfon ruwa da ƙafafun da bel ɗin ke bi a kansu a lokaci guda, domin duk a wuri ɗaya suke kuma kuɗin aikin kwancewa ɗaya ne. Ranar da aka gama, a rubuta adadin mita a littafin nan, a ƙara masa 90,000, a ja layi a ƙarƙashi.