Lissafin Zaɓi Mafi Riba: Daga Gonar Dawa a Wurno

Idan damina ta kama a Wurno, cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu, manomi kan tsaya da 'yan kuɗinsa yana nazari: buhu nawa na takin NPK zai saya, nawa na yuriya, nawa kuma zai rage don sallamar 'yan ƙodago? Masana lissafi sun daɗe suna fama da irin wannan tambaya, wato neman zaɓi mafi riba alhali akwai iyakokin da ba a ƙetarewa, kamar kuɗi da faɗin gona.

Wuyar lissafin daga halin tsiro ta samo asali. A shekarar 1828 wani Bajamushe, Carl Sprengel, ya nuna cewa sinadarin da ya fi ƙaranci a ƙasa shi ke ƙayyade amfanin gona, daga baya Justus von Liebig ya yayata ƙa'idar har ta ɗauki sunansa. Gonar da ke ƙarancin naitirojin, in ana zuba mata yuriya, dawa za ta yi ta ƙaruwa har inda fosfaras zai gaza. Daga nan ko buhu goma aka ƙara, asara ce kurum. Idan aka zana wannan a takarda, layin yakan hau ne ya karye farat ɗaya, ya yi kusurwa, kuma sau da yawa a kan kusurwar nan riba take.

Masana kan juya tambayar ta zama neman asara mafi ƙanƙanta. Dabarar da Cauchy, Bafaranshe, ya bayyana a 1847 tamkar mutum ce da hazo ya rufe a duwatsun Birnin Kudu, yana laluben gangara da ƙafa don ya sauko. Inda dutse ya yi sumul, tafiya ba wuya. Amma a tsagin da duwatsu biyu suka haɗu, ƙafar dama ta ce nan, ta hagu ta ce can, sai ya yi ta kai da komowa. Bugu da ƙari, yana iya faɗawa ɗan kwari ya ɗauka ya iso ƙasa.

Naum Shor na birnin Kiyef ya fito da hanyar ratsa irin wannan kusurwa a 1962, sai dai tafiyarta ta hawainiya ce. A 2005 Burke da Lewis da Overton suka kawo dabara mai ban sha'awa: kwamfuta ta auna gangara a wurare da dama kewaye da inda take, ta haɗa su, sannan ta ɗaga ƙafa. A 2012 Curtis da Overton suka faɗaɗa ta domin ta kiyaye iyakoki.

Ɗan kwarin nan kuwa har yanzu yana yaudara. Shi ya sa akan sa kwamfuta ta faro daga wurare daban-daban, a gwada amsoshin, a ɗauki wadda ta fi.