Kafin ka ɗauki ƙugiya a bazarar Illela

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura mataki 40 a ƙasar Sakkwato, ruwa yakan janye daga fadamu ya taru a gurbi. Kifin da ya bazu cikin ciyawa da damina dole ya bi shi. Shi ya sa rani ya zama lokacin su tun kaka da kakanni, shi ya sa kuma bikin Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934 da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, yakan faɗo wajen Fabrairu ko Maris. To amma mutumin Illela da ya yi niyyar fita kamun kifi, ko na sha'awa ko na neman abin miya, tambayarsa ta farko ba ta ƙugiya ba ce. Ina ruwan yake bana?

Wuri mafi kusa shi ne tafkin Kalmalo, a cikin ƙaramar hukumar Illela kanta. Ruwansa ba na gida ba ne. Daga duwatsun Adar a jihar Tawa ta Nijar yake gangarowa ta kwarin Maggiya, ya ratsa ƙasar Ƙonni, sannan ya tsallako iyaka. Tun da Nijar ta gina madatsun Mozage da Zongo don noman ranin Ƙonni, wanda ya haura kadada 2,000, abin da ke isowa Kalmalo ya ragu, ga kuma yashi da laka da ke cike tafkin. Najeriya da Nijar sun sa hannu a wata yarjejeniya a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan da suka yi tarayya a kai, Maggiya kuma tana ciki. Takarda dai ba ta cika tafki. Shekarar da damina ta yi albarka a Adar sai Kalmalo ya samu, shekarar da ta yi ƙwauro kuwa kana iya zuwa ka tarar da shanu suna kiwo inda kake tunanin jefa birgi. Saboda haka ka tambayi mutanen Kalmalo da ke shigowa kasuwar Illela kafin ka ƙona manka.

In babu a nan, sai kudu. Akwai tafkin Kware a kan hanyar Sakkwato, akwai gulbin Rima, akwai madatsar Goronyo da aka kammala a 1984, mai riƙe ruwa duk shekara. Sai dai hanyoyin gabashin jihar ba su da tabbas a 'yan shekarun nan. Kada ka yi sammakon duhu, kada ka kai magariba, kada kuma ka je bakin ruwan da ba ka da ɗan gari. Wanda zai tsallaka Nijar, misali zuwa tafkin Tabalak da ke gaban Tawa, ya tuna cewa al'amarin iyaka ya sauya tun juyin mulkin Yulin 2023. Ya riƙe takardunsa, ya ji halin da ake ciki a ranar.

A Turai da Amurka akwai masu su na nishaɗi da ke jiran ƙanƙara ta narke, su hau duwatsu da sanda mai laushi. Ba sa sa tana. Gashin tsuntsu suke ɗaurewa da zare a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro, su wurga ta saman ruwa, kifi ya taso ya cafka. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa tsayawa bakin gulbi ranar da shinge ya tashi bayan ruwan farko, ya ga yadda kawara ke fasa ruwa tana tsintar su. Amma wannan wasa yana son ruwa garau, inda kifi ke farauta da ido. Namu na bazara jagwal yake, kuma mai gidan shi ne tarwaɗa, wadda ke kiwo a ƙasa da gashin baki da jin ƙamshi. Ita tana take so, ko hanjin kaza, a bar ƙugiya ta nutse. Karfasa kuwa a watsa mata dusa ta taru, a sa ƙaramar ƙugiya. Lokaci shi ne kafin hantsi, ko kuma bayan la'asar. Da tsakar rana kai da kifin duk wahala za ku sha.

Akwai ma kifin da ba ya bukatar ruwa a bazara. Gaiwa, in ta ji tafki zai ƙafe, sai ta nutse cikin laka ta naɗe, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta bar 'yar kafa da take shaƙar iska, domin huhu gare ta. A haka za ta zauna wata da watanni har damina. Masu sanin kanta sukan bi busasshiyar laka suna duba waɗannan kafofi, su haƙa da fartanya.

Ruwa kuma yana da masu shi. Baƙo ba ya jefa ko da fatsa sai ya gai da sarkin ruwa, shi ne ya san gurbin da aka rufe, da inda yake da zurfi, da inda masunta suka shimfiɗa mamari. A ganina wannan tsari ya fi kowane ma'aikacin gwamnati tsare kifi. Manyan giwan ruwan da ake fitarwa a Matan Fada, wurin bikin Argungu, hana su a wurin har ranar biki ne ke ba su damar girma.

Kada a raina tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan dodon koɗi da ke cikin ruwa mai kwanciya, ta huda fata ba tare da an ji ba. Rage tsayuwa cikin ruwa, ka je da ruwan shanka, wanda kuma ya ga jini a fitsari ya nufi asibiti, maganin yana nan. Kifin da ka kama kuwa, a wannan zafi sa'o'i kaɗan sun isa ya lalace. Ka fasa cikinsa tun a bakin ruwa, in babu ƙanƙara a yi banda.

Babbar ɓarna tana zuwa ne a ƙarshen bazara, daidai lokacin da tarwaɗa da karfasa ke cike da ƙwai suna jiran sabon ruwa. Wasu kan ja gidan sauro su kwashe har 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba. Wasu kan zuba gubar Gamalin a gurbi, kifi ya taso fari fat, a kwashe a kai kasuwa, shanu da yara kuma su sha ragowar ruwan. Dokar su ta cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da abin fashewa da lantarki wajen kamun kifi. In ka ga ana haka, ka sanar da sarkin ruwa ko hakimi. In kuma aka kawo maka kifi tuli a araha banza, babu alamar ƙugiya ko taru a jikinsa, kada ka saya wa iyalinka.