Yawan Ruwa Ne Ke Kashe Sabon Dashen Airis

Cikin furannin da masu lambun gida a Turai da Amurka suke ji da su, airis yana sahun gaba. Dangi ne babba mai nau'i kusan 300, kuma son da ake masa ya kai har an kafa masa ƙungiya a Amurka tun 1920, Birtaniya ta bi sahu a 1922. Wanda aka fi dasawa shi ne wanda ake ce wa mai gemu, saboda ɗan gashin da ke kwance a tsakiyar furensa. Shuka ce mai haƙuri, amma duk shekara sababbin masu lambu sukan yi asararta makonni kaɗan da dasawa, kuma galibi hannun mai ita ne sanadi. Mutum ya sayo da tsada, ya ɗora mata rai, sai ya shiga ba ta ruwa safe da yamma, ya rufe ta da ƙasa da taki don kada rana ta taɓa ta. Wannan tattalin shi ne yake kashe ta. Sabon dashen airis mai gemu ya fi jure ƙishirwa fiye da jiƙa, kuma wanda ya gane dalilin haka ba ya bukatar a ba shi jadawalin ban ruwa.

Dalilin yana cikin halittar shukar. Abin da ake dasawa wani kara ne mai kauri da ke kwanciya a saman ƙasa, kamanninsa ɗaya da ɗanyar citta, masu lambu kuma saiwa suke ce masa. A cikinsa shukar take tara abinci da ruwa, daga ƙarƙashinsa ne siraran jijiyoyi suke nitsewa cikin ƙasa, ganye kuma ya fito ta gefe guda. Kakannin wannan fure sun fito ne daga ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, inda ruwa yake sauka lokacin sanyi, watannin zafi kuma su zo a bushe a kan tudu mai tsakuwa. Shukar ta saba da a gasa mata baya da rana. Shi ya sa ake dasa saiwar sama-sama, a bar bayanta a waje ko a yayyafa mata ƙasa kaɗan, a baza jijiyoyin ƙasa a danne su. Idan aka binne ta da zurfi, ko dai ta yi ganye ba fure, ko ta ruɓe. Hujja mafi ƙarfi a nan ita ce farin airis ɗin da asalinsa Yaman da yankin Larabawa ne, wanda Musulmi suka daɗe suna dasawa a maƙabartu, har ya bazu zuwa Arewacin Afirka da Andalus. Ba wanda ke ɗaukar bokiti yana bin kaburbura da ban ruwa kullum, amma ya rayu ɗaruruwan shekaru yana fure. Haka kuma a tuddan Tuskani na Italiya da tsaunukan Maroko, inda ake noman airis don turaren da ake samu daga busasshiyar saiwarsa, a ƙasa mai duwatsu da ba ta riƙe ruwa ake shuka shi.

Mai karatu zai iya cewa wannan duk labarin tsohuwar shuka ne da ta riga ta kafu, sabon dashe kuwa bai da jijiyar da zai nemo ruwa da ita. Gaskiya ne, kuma a nan ne ake bukatar lura. Saiwar da aka ciro daga wani lambu takan zo da jijiyoyi rabi a bushe, an kuma datse ganyenta zuwa kamar santimita 15 don kada iska ta tumɓuke ta. Sai ta fitar da sababbin jijiyoyi kafin ta tsaya da ƙafarta, jijiya kuwa ba ta shiga busasshiyar ƙasa. Saboda haka ranar dashe a ba ta ruwa sosai, wanda zai ratsa ƙasa ya haɗa ta da jijiyoyin, ya toshe ramukan iska. Bayan nan sai a jira. A tura yatsa cikin ƙasa kamar santimita 5: idan da danshi a ƙyale ta, idan ta bushe a sake shayar da ita da kyau. A yawancin lambuna wannan yakan kama sau ɗaya a mako, a ƙasa mai yashi lokacin zafi ya fi haka. Bambancin da ke tsakanin wannan da yayyafin kullum babba ne. Ruwa mai yawa jefi-jefi yana sauka inda jijiyoyi suke, ya ja su ƙasa, saman kuma ya bushe. Yayyafi kaɗan-kaɗan kullum yana tsayawa daidai inda saiwar take, ya bar ta cikin laima dare da rana, jijiyoyin kuma ba su samu komai ba. Cikin mako biyu zuwa huɗu sabon ganye zai leƙo daga tsakiya. Wannan ita ce shaidar ta kama, daga nan sai a janye hannu, a bar wa ruwan sama aikin sai in fari ya yi tsawo. Don a samu wannan kafuwar ne ake dashe tsakanin Yuli da Satumba a ƙasashen arewacin duniya, aƙalla mako shida kafin ƙasa ta fara daskarewa.

Abin da laima take jawowa cuta ce ta ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin ƙasa, masu shiga ta duk inda saiwar ta ji rauni. Sukan narkar da cikinta ta koma tamkar kunu, da wari mai tayar da zuciya, ganyen ya yi rawaya daga gindi ya kife. Tarkon da ke nan shi ne, ganye mai rawaya da yaushi kama yake da na shukar da ƙishirwa ta dama, sai mai lambu ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta. Kafin a ɗauko bokiti a latsa saiwar da yatsa. Idan da tauri, lafiyarta ƙalau, bushewar tsofaffin ganyen gefe kuma al'ada ce bayan dashe. Idan ta yi laushi, a kankare ruɓaɓɓen da cokali har a kai ga farin nama mai tauri, a bar wurin ya sha rana, a wanke cokalin da ruwan bilic kafin a taɓa wata. A gabashin Amurka akwai ƙarin masifa, wata tsutsa da uwarta take yin ƙwai a busassun ganye da kaka, ta ƙyanƙyashe bayan sanyi, ta huda ganye ta gangara cikin saiwa, ta buɗe wa cutar ƙofa. Maganinta na farko shara ce: a kwashe matattun ganye kafin hunturu.

Wannan hujjar ita ce ta hana sauran abubuwan da ake yi da sunan gata. Ɗanyen kashin dabbobi a jikin saiwa da takin zamani mai yawan naitirojin suna sa ta yi taushi, ruɓa ta samu wurin shiga. Lulluɓe gindi da ciyawa ko ɓawon itace, wanda yake taimakon yawancin shuke-shuke, a nan riƙe laima yake yi, sai dai a wuraren da sanyi ke tumɓuke sabon dashe, inda akan rufe shi sama-sama a hunturun farko a kwashe da wuri. Inuwa da cunkoso suna hana ƙasa bushewa, don haka ake so ta samu rana awa shida ko fiye, da tazarar santimita 30 zuwa 60 tsakanin saiwa da saiwa, a kuma rarraba su duk bayan shekara uku zuwa biyar. Inda ƙasa take da laka, a tayar da kunya a dasa a kai.

Akwai masu cewa sun ga airis tsaye cikin ruwa tsamo-tsamo yana fure. Sun gani, amma wani nau'in ne. Na Japan da na Saiberiya suna son danshi a kai a kai, na fadamun Luwiziyana da rawayan airis na Turai kuwa har bakin tafki suke zama, kuma irin waɗannan bushewa ce take kashe sabon dashensu. Akwai kuma na Holan, mai kai irin na albasa, da ake binnewa kamar santimita 10. Wannan bai rushe maganar ba, ya dai nuna cewa tambayar farko ga mai sayarwa ita ce wane iri ne. Shawarar da ta raya ɗaya ita ce za ta hallaka ɗaya, kuma mafi yawan abin da ke kasuwa mai gemun ne.

Sai a kuma rage buri. Ba kowace saiwa ce take fure a shekarar farko ba, rashin furen kuma ba dalilin ƙara ruwa da taki ba ne. Mai sha'awar gwada shi a ƙasa mai zafi ya sani cewa mai gemu yana bukatar sanyin hunturu kafin ya yi fure sosai, ruwan damina haɗe da zafi kuma shi ne yanayin da cutar ruɓa ta fi so, don haka tukunya mai huji a ƙasa da yashi a ciki ta fi masa fili. A gidan da ke da yara ko dabbobi a kula, domin saiwar tana da guba idan aka ci, ga ta kuma da kama da cittar da ake ajiyewa a madafa. Wanda ya dasa airis mai gemu a makon nan, ya shayar da shi sosai sau ɗaya, kada ya ƙara sai ƙasa ta bushe.