Sabon Irin Wake Da Horon Matasanmu

'Yan'uwa manoma na Danwarai da kewaye, dukanmu mun san yadda tsutsar da ke huda kwanson wake take cinye wahalarmu ta shekara.

A 2019 Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da irin wake mai suna Sampea 20-T. Masana sun ɗauko wata ƙwayar halitta daga bakteriyar da ke cikin ƙasa, suka sa ta a cikin irin. Idan tsutsar ta ci, sai ta mutu. Saboda haka feshi sau 2 yakan isa, maimakon sau 6 zuwa 8. Kuɗin magani ya ragu, gubar da muke shaƙa ita ma ta ragu.

Amma mu lura: irin ba ya hana sauran ƙwarin gona, ba ya kuma tsare wake a rumbu. Manomin da bai san haka ba zai daina feshi gaba ɗaya, ya yi asara.

Shi ya sa muke bukatar malaman gona daga cikinmu. Jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006 tana koyar da aikin gona. Iyaye, mu tura yaranmu, maza da mata, su koyo su dawo su koya mana.